Kifin Gindin Kanya

Sunan babana Dikko, amma in ka shigo ƙauyenmu ka ce Dikko kake nema, sai an tambaye ka wanne daga ciki. Da Mai Tafki aka san shi. A da, in baƙo ya ambaci sunan nan, yara har rige-rige suke yi su kai shi ƙofar gidanmu. Yanzu in an ambata, sai babba ya dubi ƙasa, ya gyara murya, sannan ya nuna da haɓa. Ni ne ɗansa Lirwanu, ɗan kabu-kabu tsakanin Bukkuyum da Gummi, wanda aka kai sakandare ya shiga ta ƙofa ya fita ta katanga tun yana aji biyu. Inna takan ce da ana cin jarrabawa da surutu, da tuni ina Gusau cikin ofis mai fanka.

Tafkin yana bayan gari. Tafkin Kanya ake ce masa, saboda wata tsohuwar kanya da ta durƙusa a bakinsa ta gabas, saiwoyinta cikin ruwa. Da damina in gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwa kan biyo wata ƙorama ya shigo, ya taho da kifi. In ruwa ya ja, bakin ƙorama ya bushe, kifin da ya shiga ya shiga ke nan. Daga ranar an rufe tafki: ba ƙugiya, ba raga, ko birgi ko homa, har sai bazara ta yi, ranar su, wato ranar da kowa zai faɗa ruwa kamun kifi lokaci guda. Mai tsaron wannan doka shi ne Mai Tafki. Baba ya gaji aikin wurin ubansa, ubansa ma wurin nasa.

Shi ma dokar ba ta ƙyale shi ba. Mai Tafki ba ya jefa komai cikin ruwa don gwaji. Da ido kawai yake awo. In bazara ta matso, sai ya je gaban Maigari ya faɗi ɗaya cikin magana biyu. Ko dai ya ce, "Bana na gida na," wato kifin bai kai a kira kowa ba, 'yan gari su shiga su fita. Ko kuwa ya ce, "A kira baƙi," sai a kai shela kasuwanni. Ladan aikin shi ne gurbi, wani rami mai zurfi a gindin kanyar wanda ba ya ƙafewa duk tsananin rani. Ranar su ba mai sa ƙafa cikin gurbi. In an watse, Mai Tafki ya ɗebi cikin gora ɗaya ya kai gida, sauran a bar su su zama iri, su jira damina.

Baba siririn mutum ne, mara yawan magana, ba ya rabuwa da malfa. Ni dai ban san inda na ɗauko bakina ba. Tun yana saurayi kurkunu ya fito masa a idon sawu, ya warke ya bar shi da ɗingishi, saboda haka ba mai son zagaye ba ne. Daga sallar asuba sai gindin kanya. Akwai wata saiwa da ubansa yake zama a kai, har ta yi santsi kamar an goge ta da mai. Nan yake zama har hantsi ya dubi ludayi, ya koma da la'asar. Daga nan yana hango duk faɗin ruwan, ko tsuntsu ya sauka ya gani. Ɓarayin kifi sun san haka.

Akwai labarin da Inna take ba da shi, rabi yabo rabi ƙorafi. Lokacin da take da cikina, ta kamu da kwaɗayin miyar tarwaɗa har tana kuka. Ga tarwaɗa bayan gida suna tsalle, ga miji mai riƙe da tafki. Baba ya sa malfarsa ya ja ƙafar nan tasa har kasuwar Gummi, ya sayo kifi busasshe ya kawo mata.

"Busasshe hwa!" in ji Inna. "Ƙashi ya fi nama yawa. Shi ya sa yaron ga ya fito baki ba jiki."

To, irin mutumin ke nan. Ban taɓa jin wani ya ce Dikko ya ci kifin da ba nasa ba, har zuwa shekarar da zan faɗa.

Wajen lokacin da aka koma mulkin farar hula, injinan ban ruwa suka cika fadama. Duk saurayin da ya samu ɗan hali sai ya sayi inji ya kafa lambun albasa. Masu lambun da ke bakin ƙorama suka riƙa tare ta da buhunan yashi don su riƙe ruwa, in damina ta zo ba kowa ke tuna kwashe nasa ba. Ƙorama ta cushe, ta ƙanƙance, ta koma kamar makwararin bayan gida. Ruwa na shigowa tafki, amma ba kamar da ba, kifi kuwa ba a magana. Shekara biyu a jere Baba yana zuwa gaban Maigari Dabo yana cewa na gida ne. A ta biyun, abin da aka kama bai isa a raba wa gidajen gari ba.

Samari suka fara tsegumi: ga ruwa kwance a banza ana gadin ƙwaɗi, alhali da an sa inji an ja shi da an yi albasa. Maigari Dabo sa'an Baba ne, tare aka yi musu kaciya, don haka bai aika masa ba, da ƙafarsa ya zo zauren gidanmu. Ina gyaran birki a ƙofa, kunnena kuwa ba ya hutu.

"Dikko, na tare yaran ga iyakar tarewata," in ji shi. "In bana ma na gida na, ba ni da bakin hana su. Tabkin ga za ya koma lambu."

 Baba ya ce, "Allah shi kai mu bazara."

Daga makon nan dusar Inna ta fara ɓacewa. Ta zargi awaki, ta zargi kajin maƙwabta, ta zarge ni. Ni da ko a yunwar bara ban ci dusa ba. Ashe Baba ne. Kullum da safe sai ya cika aljihun rigarsa, ya je ya zauna kan saiwa, ya riƙa watsawa cikin gurbi kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya taɓa yin haka a kakanninmu, amma kuma doka ba ta hana ba, tunda ba kamawa yake yi ba. Tunaninsa shi ne kifin da ya ƙoshi zai yi girma, ya yi ƙwai. Inna ta gano ranar da ta zo wanki ta juya aljihu.

"Yanzu kai, Malam, akuyoyina ka kwana da yunwa don ka ciyar da abin da ba shi ko gaishe ka?"

"Suna gaishe ni," in ji Baba. Kuma da gaske yake.

Wata safiya cikin rani ya tare ni zan fita aiki, ya ce in ajiye babur in biyo shi. Muka je gindin kanya. Ya ce in yi shiru, abin da ya san ya fi mini ɗaukar buhu wuya. Ya ɗebo dusa ya watsa.

Wallahi ruwan nan sai ya tashi. Kamar tukunyar talge ta tafasa. Kawunan tarwaɗa baƙaƙe da gemunsu, bisa kan juna, wani na hawa bayan wani, karfasa na walƙiya a tsakani. Har ruwa ya fantsamo mana a ƙafa. Na dubi Baba na ga abin da ban saba gani ba: haƙoransa duka a waje.

"Ka gani?" ya ce. "Ruwa na tafasa. Ko zamanin tsohona ban ga haka ba."

Abu ɗaya na fito da shi daga makaranta ban da tabon bulala. Malaminmu na kimiyya ya taɓa fitar da mu fili da wani katako mai kusurwa huɗu kamar bakin taga. Ya ce mu rufe ido mu jefa ta bayan kafaɗa, inda ya faɗi mu ƙirga ciyawar da ke ciki, mu sake jefawa wani wuri, mu sake. Mu kuwa da rana ta ishe mu, sai muka je muka ajiye shi a gindin famfo inda ciyawa ta yi duhu, muka ce filin makaranta ya fi fadama albarka. Malam ya ja kunnuwanmu ɗaya bayan ɗaya yana cewa abu uku ne daban-daban: nawa suke gaba ɗaya, nawa suka taru a wuri guda, da kuma irin zaman da suka yi. Wasu a jere suke kamar shukar gero, wasu duk inda iska ta yar da su, wasu kuma a dunƙule. Wannan na ƙarshen na gane shi sosai da na fara kabu-kabu. Ka sauka tashar Bukkuyum da rana tsaka, ka ga babura ƙarƙashin inuwa ɗaya, ka rantse garin kowa babur gare shi. Shiga cikin unguwa ka nemi guda.

Sai na ce, "Baba, ka zagaya can yamma wurin bado ka gani ko haka yake?"

"Ruwa guda na, Lirwanu. Gishirin da ka ɗanɗana bakin tukunya shi na gindinta."

"Gishiri kam haka ne. Amma nama ba ko'ina yake cikin miya ba. Tambayi Inna, ita ka raba shi, kuma kullum gefenka yake komawa."

Ya yi dariya har ya cire malfa ya buge ni da ita a ƙeya, ya ce in tafi neman abincina. Na tafi ina dariyar ni ma. Matsalar mai barkwanci ke nan: in ya faɗi magana, shi kansa bai san wadda ya kamata a riƙe ba. Ko da ma Baba ya zagaya, me zai gani? Ruwa ne mai laka, kifi ba ya leƙo kai sai da dalili. Birgi ɗaya da an jefa ta yamma da an san gaskiya, amma jefa birgi kafin ranar su shi ne abin da gidanmu ya gaji hanawa.

Da bazara ta matso, Baba ya je ya kamo hannun Maigari ya kawo shi gindin kanya da sassafe, ya watsa dusa a gabansa. Maigari ya ja da baya yana salati.

"Dikko, mi kac ce?"

"A kira baƙi."

Ni aka ba shela, tunda ni ke da ƙafa biyu masu shan fetur. Na kai Bukkuyum ran kasuwa, na kai Gummi, na leƙa har Anka. Duk inda na tsaya sai in ce Mai Tafki ya ce ruwa na tafasa, tarwaɗa kamar taɓarya. Mutane sun san Baba. Wani tsoho a Gummi ya ce, "Dikko ya hwaɗi? To an gama, shi ba ya ƙari." Ba su yarda da ni ba, da shi suka yarda.

A Gummi akwai Ma'u mai suyar kifi, taubashiyar Baba ce, ɗiyar ƙanin uwarsa. Tsakaninsu ba gaisuwa sai tsiya. Tana jin shela ta ce in gaya wa gurgun nan tana nan tafe da kasko biyu, in kuwa ƙwaɗi ya tara mata, shi za ta soya.

Ranar su ta zo. Tun hantsi bakin tafki ya cika. Motocin haya sun sauke mutane a kan hanya, wasu bisa jakuna, wasu bisa kekuna, kowa da homarsa da goransa. Masu fura, masu rake, masu ƙosai. Ma'u ta kafa murhu biyu, ta tara itace, ta zuba mai. Makaɗa na ta yi wa Baba kirari, shi kuwa yana tsaye bisa saiwar kanya da farar rigar da yake zuwa Idi da ita. Ni ina gefensa ina hura hanci kamar ni na haifi kifin. Maigari ya yi addu'a, ya dubi Baba. Baba ya ɗaga malfa sama, ya sauke.

Mutane suka faɗa ruwa da ihu, ta kowane gefe ban da gurbi. Ruwa ya koma kunu. Homa na nutsewa, homa na tashi.

Ihun ne ya fara raguwa. Ba lokaci ɗaya ba, kamar yadda kasuwa ke mutuwa da yamma. Mutum ya ɗago homa, laka. Ya sake, ganyen bado. Wani ya samu karfasa biyu da ba su kai tafin hannu ba, ya dube su ya dubi na kusa da shi. Suka tsefe tafkin daga yamma zuwa tsakiya, suka koma, suka sake. Makaɗa suka sassauta, sannan suka bari. Wani mutumin Anka ya ɗago kififfiya sama ya ce, "Jama'a, ga taɓaryar!" Aka yi dariya, amma ba irin wadda nake so ba. Man Ma'u na ta hayaƙi cikin kasko babu abin sawa.

Na saci kallon Baba. Bai motsa ba. Leɓensa kawai ke motsi kamar mai lazimi.

Sai kuma ga abin da ya ƙarasa mu. Hayaniyar nan ta koro duk ɗan abin da ya rage a sarari zuwa wurin da ba kowa, wato gurbi. Ruwan gindin kanya ya fara motsi, ya yi baƙi, kawuna suka fito. Ga kuma ragowar dusar safiya tana yawo a kai, don ko ranar Baba bai fasa ba su kalacinsu ba. Ma'u ce ta fara gani, ta taho da matsami a hannu. Ita wasa ta nufa, wanda ta saba tun suna yara.

"Kai, Dikko! Ashe kiwo kaka yi ba mu sani ba? Ka tara su ɗakinka da dusa, ka bar mu da wankan laka!"

Muryar Ma'u ba ta san rada ba. Mutanen da ke cikin ruwa suka juyo. Aka fara fitowa ana matsowa gindin kanya, jikuna duk laka, idanu ja.

"Dusa ta hwa, wallahi."

"Ya jawo su gurbinai!"

"Don haka anka kira mu? Mu kora mishi kihi?"

"Tsoho da kai!"

Ma'u ta ga abin da bakinta ya haifa. Ta shiga cewa, "Kai ku bari, wasa nike, taubashina na, ku ba ku san Dikko ba?" Ba wanda ya saurare ta. Ta koma bayan mutane. Ranar na san in taubashi ya bar tsokanarka, abin ya kai inda ya kai.

Ni kuwa da nake da amsar kowace magana a tasha, sai na laɓe bayan Baba. Da ƙasa ta tsage da na riga kififfiyar nan shiga.

Maigari Dabo ya ɗaga sanda aka ɗan lafa. Ya matso kusa da Baba ya yi ƙasa da murya.

"Dikko, gurbi naka na. Ba mai shiga sai ka ce. In ka ce a'a, ni ka tsayawa gabanka."

Na matsa kunnen Baba na ce, "Baba, su ke nan hwa. Babu wasu. In anka kwashe su, an kwashe tabki."

Ya dube ni. Ya riga ya sani. Tun da homar farko ta tashi da laka ya gane cewa abin da yake kallo duk ranin nan ba alamar kifin tafki ba ne, shi ne kifin tafkin gaba ɗaya, ya taru wuri guda yana jiran aljihunsa. Ya dubi gurbi, ya dubi mutane. Akwai waɗanda suka yi sallah bayansa, akwai waɗanda ya kama da ƙugiya shekarun baya ya kai gaban Maigari, yau su ne a gaba suna kallonsa. Wani daga baya ya ce, "Ɓarawon zaune."

Baba ya cire malfa ya riƙe ta a ƙirji.

"Ku shiga," ya ce.

Maigari ya ce, "Dikko."

"Ku shiga, na ce. Ku kwashe."

Kafin a kira azahar an gama. Wurin da tun kakan kakana ba a taɓa sa ƙafa ba, mutane suka tattake shi har saiwoyi. Manya da ƙanana, masu ƙwai da 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, ba a bar komai ba. Kuma abin takaici, da aka baje a kan ciyawa, kifin da ya sa ruwa tafasa bai wuce 'yan kwanduna ba. A wuri guda ya yi kama da dukiya. Da aka raba wa taron nan, wasu ko warin kifi ba su kai gida ba. Wani ɗan gari mai kunya ya cika gora ya kawo wa Baba rabonsa. Baba ya girgiza kai. Ya sauko daga saiwa, ya bi ta bayan gonaki ya koma gida, farar rigar nan da feshin laka har kafaɗa. Ma'u ta juye manta cikin galan ba ta soya ko ɗaya ba, ta zo gidanmu ta zauna ɗakin Inna tana kuka. Baba bai fito ba, ita ma ba ta iya leƙa shi ba.

Ba a jira samari sun sake magana ba. Da damina ta wuce, Baba ya je da kansa ya ce wa Maigari a ba su tafkin. Ba wanda ya tuɓe shi, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi ne dai ya daina amsa sunan. Ya bar zuwa kasuwa. A masallaci ya koma sahun baya kusa da takalma, ana sallamewa ya fice. In Inna ta sa kifi a miya sai ya ce yau fura yake so, har ta daina sawa. Awakinta dai sun yi ƙiba.

Ni ma na samu rabona. A tasha sunana ya koma Ruwa-na-tafasa. In radiyeton mota ya yi zafi sai a ce a kira Lirwanu ya duba ko da tarwaɗa. Na daɗe ban ɗauki fasinjan Anka ba. Da ni ne ke sa wa mutane suna. Ashe abin da zafi.

An yi shekaru a haka. Yawancin mutane sun gane daga baya cewa ba cuta ya nufa ba, wasu har sun zo ba shi haƙuri, ya karɓe su a zaure yana kallon tabarma. Na ɗauka kunyar kalmar nan ta ɓarawo ce ba ta sake shi ba. Sai wata rana ƙafar ta tashi masa, na ɗauke shi zuwa asibiti a Bukkuyum. Tun ranar su, in zan fita da shi ta doguwar hanya nake bi don kada mu wuce tafki. Mun kai mararraba zan karya, sai ya taɓa kafaɗata.

"Bi ta nan."

"Baba, hanyar ga yashi gare ta."

"Bi dai."

Muna tafiya a hankali ya fara magana a bayana, iska na kwashe rabi.

"Mutane na zaton kunyar ƙarya nike ji. Ban yi ƙarya ba. Abin da idona ya gani na hwaɗi, wuri guda dai na duba. Wannan wauta ta, kowa na yin ta." Muka wuce wani rami. "Tsohona ya bar min gurbi don shekarar da babu. Shekarar ta zo. Da na daure sunka kira ni ɓarawo sunka tahi, da damina ta iske iri. Sai na ba da su don a bar zagina."

Na buɗe baki in ce ƙorama ce ta cushe, ko an bar su ba lalle su yi yawa ba. Gaskiya ce ma. Amma na san ba ita yake tambaya ba, sai na rufe.

Tafki ya zama fangali-fangali na albasa, kore shar, kowace a jere da tazararta kamar an auna da igiya. Kanya na nan. A gindinta an kafa inji yana ta ƙara, an zura tiyo cikin gurbi, don nan ne kaɗai ruwa ke kaiwa bazara. Baba ya ce in tsaya. Bai sauka ba. Mai lambun, wani magidanci da ya shiga ruwa a waccan ranar su, ya taso da sauri yana goge hannu a riga, ya rusuna.

"Mai Tabki, sannu da hanya."

Baba bai amsa sunan ba, ya dai ɗaga hannu. Ya nuna gurbi da haɓa.

"Akwai wani abu ciki?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Ƙwaɗi dai, Baba."

"Da yawa?"

"Nan wurin dai da yawa."

"Nan wurin dai," in ji Baba. Ya ja malfarsa ta rufe masa ido. "Mu tahi, Lirwanu."

Mutumin ya biyo mu da damin albasa yana roƙon a karɓa. Baba bai waiwaya ba, ni kuwa na karɓa na rataya a gaba, don Inna ba ta yi wa kowa laifi ba. Har muka shiga Bukkuyum ban ce uffan ba. A ƙofar asibiti Baba ya dafa ni ya sauka, ya leƙa fuskata ya ce ko ni ma in karɓi kati a duba ni.